Zuwa Yankari: Tambayoyin da Ake Yawan Yi da Amsoshinsu

Da zarar hunturu ya kama, ko hutun makaranta ya matso, sai tambayoyi su fara zuwa mini daga 'yan'uwa da abokan aiki da suka san ina yawan zuwa gandun dajin Yankari. Wani yana son sanin hanya, wani kuɗi, wata kuma tana tambaya ko wurin ya dace da yara. Na tattara su a nan tare da amsar da nake bayarwa. Akwai abin da za ka ji ina ta nanatawa, don haka bari in faɗe shi tun yanzu: mafi yawan mutanenmu suna isa da hantsi, su yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, su ɗauki hoton birai, kafin la'asar sun juya. Wanda ya yi haka ya ga Wikki, amma bai ga Yankari ba.

Ina Yankari yake, kuma wa ke kula da shi?

Yana ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, faɗinsa kuwa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi don kare namun daji a 1956, aka buɗe wa jama'a a ranar 1 ga Disamba 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya shiga jerin gandayen daji na ƙasa, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi, kuma a can yake har yanzu. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke aiki da jihar wajen sintiri da kula da ma'aikatan da ke gadin dajin.

Yaya ake zuwa?

Daga garin Bauchi ka kama titin Gwambe har Dindima, inda gada ta ƙetare kogin Gongola. A nan ake barin babban titi a yi kudu zuwa ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofa take. Mai zuwa daga Gwambe zai wuce garin Alkaleri kafin ya kai mararrabar. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne isa ƙofa ba isa masauki ba ne. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran tafiyar kilomita 40 da ɗoriya, duk a cikin daji. Gaba ɗaya ka ware awa biyu daga Bauchi.

Kada ka yi gudu a wannan yanki na ƙarshe. Dabba na iya faɗowa titi ba zato, kuma sau da yawa a nan ake fara ganin gadu da 'ya'yansa sun ɗaga wutsiya sama suna tsallakawa, ko garken zabbin daji. Ka cika tankinka tun daga Bauchi. Wanda ba shi da mota gara ya ɗauki shata, ya kuma yi magana da direban a kan ranar dawowa, don motar haya ba ta zirga-zirga zuwa cikin sansanin. Mai zuwa daga nesa yana iya sauka a filin jirgin sama na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Ya danganta da abin da ya kai ka. Idan dabbobi kake son gani, ka je daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin ciyawa ta bushe, ganyen itatuwa ya zube, tafkuna sun ƙafe, duk wani mai rai sai ya gangaro kogin Gaji ya sha. Kogin ya ratsa tsakiyar dajin, kuma ba ya yankewa da rani. Sai dai ka shirya wa zafi, domin a Maris da Afrilu yana haura digiri 40, kuma zafin kwari daban yake da na cikin gari.

Idan da iyali za ka, ko da dattawa, Disamba da Janairu sun fi daɗin zama. Rana ba ta cizo, dare kuma akwai sanyin da zai sa ka nemi bargo. Hazo yakan rufe nesa, don haka hoton tsaunuka ba ya fita sosai, amma a wannan lokacin ne wankan Wikki ya fi kowane lokaci daɗi.

Damina, daga Mayu zuwa Satumba, ita ce lokacin da dajin ya fi kyau a ido kuma ya fi rowar dabbobinsa. Ko'ina kore shar, ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa yana ko'ina don haka namun sun bazu. Wasu hanyoyin ma mota ba ta iya bi. Ni dai ina son damina saboda tsuntsaye da ƙamshin ƙasa, amma ba zan tura wanda bai taɓa zuwa ba a wannan lokaci.

Yini ɗaya ya isa?

Bai isa ba. Dabbobi suna fitowa da sassafe ne da kuma yamma lis, mai zuwa ya koma a yini ɗaya kuwa yana isa ne daidai lokacin da suka shige inuwa. Ka kwana biyu, ka samu fita daji sau uku ko huɗu. Idan hali bai yi ba, ko kwana ɗaya ne ka yi, ka fita da yamma ka sake fita da asuba.

Tabbas zan ga giwa? Zaki fa?

Babu mai ba ka tabbaci, kuma duk wanda ya ba ka yana son kuɗinka ne. Yankari ba gidan zoo ba ne, babu keji, babu lokacin ba da abinci. Giwayen suna yawo a fili mai girman da mota ba za ta gama shi a mako ba. Su ne garke mafi girma cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya, kuma ƙiyasin da ake yi bai wuce 100 zuwa 150 ba. A shekarun baya masu farautar haure sun yi musu mummunar ɓarna, har abin ya sa suka koyi gudun mutum.

Na taɓa fita sau biyu ban ga ko wutsiya ba. A fita ta uku, da sassafe, jagoranmu ya sa direba ya tsaya a wani wuri da hanya ta bi ta gefen fadama. Ya sauko ya nuna mana sawu a cikin laka, kowanne kamar faifai, ruwa bai gama taruwa a ciki ba. Ga kashi nan tuli yana tururi, ga reshen marke an ɓalle shi ɓawon na lilo. Ya ce a kashe injin, kowa ya yi shiru. Mun fi minti goma ba abin da muke ji sai kurciya. Can sai ƙarar karyewar itace, sannan abin da na ɗauka inuwar kurmi ce ya motsa. Guda bakwai ne, da ɗan ƙarami yana tafiya a ƙarƙashin cikin uwarsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin ƙarar tafiyarsu. Dabba mai wannan nauyi ta wuce gabanka, ba ka jin takunta. Wani yaro da ke motar ya riƙe hannun mahaifinsa yana ta maimaita "Baba, ka gani?" da raɗa.

Zaki kuwa akwai, amma 'yan ƙalilan ne, kuma ganinsu sai babban rabo. Zakin Afirka ta Yamma yana gab da ƙarewa, Yankari na cikin wurare kaɗan da ya rage. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ka ga sawunsa a kan rairayi, ko ka ji gurnaninsa daga nesa cikin dare.

Waɗanda ake yawan gani su ne gwambaza a bakin ruwa, mazo, gada, kanki, gadu, jan biri da gwaggon biri, kada a kan yashi, wani lokaci ɓauna da gwanki da dorina. Raƙumin dawa ya daɗe da ƙarewa a Yankari. Mai son ganinsa a jihar Bauchi sai ya nufi gandun dajin Sumu, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka ajiye waɗanda aka kawo daga Namibiya. Kuma don Allah kada neman giwa ya hana ka ɗaga kai sama. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 350 a dajin nan. Ganin burtu yana takawa a ƙasa da jan maƙogwaronsa, ko mikiya a ƙololuwar busasshen itace, ba ƙaramin abu ba ne ga wanda a tatsuniya kawai ya san su.

Zan iya shiga dajin da motata, ko da ƙafa?

Ba a shiga sai da jagora daga ma'aikatan wurin. Akwai motocin buɗaɗɗen baya da ake ɗauka daga sansani, safe da yamma, zagayen yakan ɗauki kamar awa biyu. Wanda ya zo da mota mai tsayi da ke jure yashi yana iya amfani da ita, jagora ya shiga tare da shi. Ƙaramar mota kuwa a bar ta a sansani.

Dokokin ba su da yawa. Ba a sauka daga mota sai jagora ya ce a sauka. Ba a ihu, ba a kiɗa, ba a danna ham don dabba ta juyo. Idan giwa ta buɗe kunnuwa ta fuskanto ku, musamman mai ɗa, ba lokacin hoto ba ne, ku bar direba ya ja baya. Ka riƙa yi wa jagoran tambaya. Da yawansu 'yan yankin ne, sun san sunan kowane itace da amfaninsa, kawo da maje da taramniya da baushe, kuma suna jin daɗin baƙon da ya damu ya sani.

Mene ne labarin ruwan Wikki? Da gaske ba ya sanyi?

Da gaske ne. Ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani dutse mai tsayi, ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Abin da yake fitarwa ya kai lita miliyan 21 a kullum, yana gangarawa ya haɗu da Gaji. Daga sansani ake sauka ta wasu matakala masu yawa, kana gangarawa iska na sauyawa, har ka iske kanka a cikin inuwar manyan itatuwa da suka yi wa ruwan rumfa. Garau yake, kana tsaye kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi.

Wurin da ake wanka ya kai tsawon mita 200. Kusa da bakin dutsen ya fi zurfi, yana iya shanye dogon mutum, amma yana raguwa yayin da kake bin ruwan ƙasa, har ya dawo iya gwiwa. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya can ƙasa. Ruwan yana tafiya a hankali, idan ka kwanta ka saki jiki zai ɗauke ka.

Lokacin da na fi so shi ne bayan sallar asuba a watan Janairu. Kana saukowa kana rawar ɗari, sai ka ga tururi na tashi a kan ruwan, ka sa ƙafa ka ji kamar an sirka maka. Babu kowa sai kai da tsuntsaye. Da rana, musamman ranakun hutu da bukukuwan Sallah da Kirsimeti, wurin yakan cika maƙil da ɗalibai.

Roƙona ɗaya ne: kada a shiga da sabulu ko omo, kada a bar leda da robar ruwa. Abin da ka zuba a nan, shi dabbobi za su sha a ƙasa. Akwai wasu maɓuɓɓugan ɗumi a dajin, Dimmil da Gwana da Mawulgo, da kuma Tungan Maliki mai sanyi, amma Wikki ne aka gyara don wanka.

Mata da yara fa?

Iyalai suna zuwa sosai. Mata da yawa suna shiga ruwan da doguwar riga da wando, babu mai kallon hakan a matsayin baƙon abu. Wadda take son sakewa ta zaɓi safiya ko tsakiyar mako, ta gangara can ƙasa tare da 'yan'uwanta mata. Yara kuwa kada a ɗauke ido daga kansu a bakin ruwa ko daƙiƙa ɗaya, kuma kada a bar yaro yana yawo da abinci a hannu, saboda dalilin da ke tafe.

An ce birai suna ƙwace. Haka ne?

Haka ne, kuma ba abin wasa ba ne. Gwaggon biran sansanin Wikki sun saba da mutane har sun daina tsoro. Sun san leda, sun san kula, suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba, suna shiga mota ta taga. A gabana wani babban namiji ya fizge ledar burodi daga hannun wata baiwar Allah da ke sauke kaya daga but, kafin ta juyo ya haye rufin ɗaki. Ka kulle ƙofa da taga ko da minti ɗaya za ka fita. Ka saka abinci a jakar da ba a ganin cikinta. Idan biri ya kama abu, sakar masa, haƙoransa sun fi na kare. Kada kuma ka ba su da hannunka don hoto, wannan ɗabi'ar ce ta lalata su tun farko. Gadu ma suna kiwo a tsakar sansanin a durƙushe kan gwiwoyinsu, ba ruwansu da kowa, amma a bar musu tazara.

Ban da dabbobi da wanka, akwai abin gani?

Akwai, kuma wannan ɓangaren ne aka fi yi wa rashin adalci. Dajin da kake gani ba kowa a yau, a da mutane sun zauna a cikinsa. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, kowanne da 'yar ƙaramar ƙofa zagayayya da sai ka sunkuya. An sa musu sunan mai binciken da ya bayyana su a 1980, kuma ana ganin mafaka ce da mutane suka yi a zamanin hare-haren kamun bayi. Ka leƙa ciki ka tuna uwa ta taɓa rufe bakin jaririnta a nan don kada a ji kukansa. Akwai rijiyoyin Dukkey, fiye da 130, da aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Akwai ragowar matoyar tama a Ampara da Shaushau, inda maƙera suka narka ƙarfe a zamanin da, wasu murahun har yanzu suna tsaye. A Tunga Dutse kuma akwai zane da rubutu a jikin dutse.

Mai son hangen ƙasa ya nemi a kai shi tudun Kalban. Samansa a baje yake, daga nan kana ganin dajin ya miƙe har inda ido ya gaza, da koren layin Gaji yana ratsa ruwan ƙasar rani. Ba duka waɗannan wurare ne ke kan hanyar zagayen yau da kullum ba, don haka ka faɗa wa jagora tun da wuri. A sansanin akwai ɗan gidan tarihi mai ƙasusuwa da fatu da haure, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta. Ka kai yara.

Me zan ɗauka?

Ruwan sha da yawa, hula, takalmi sau-ciki, tocila, maganin sauro, da rigar sanyi idan hunturu ne. Akwai tsando a wajen kogi, cizonsa da zafi, kuma baƙi da shuɗi ke jawo shi, don haka ka sa doguwar riga mai ruwan ƙasa ko ruwan toka. Idan kana da madubin hangen nesa, ya fi maka kamara amfani. Mai shan magani kullum ya taho da nasa, babban asibiti yana da nisa. Sabis na waya yana zuwa yana ɗaukewa, ka sanar da gida kada hankalinsu ya tashi.

Nawa zan kashe?

Farashi yana sauyawa, don haka ka kira ka ji na ranar kafin ka taso. Abubuwan da ake biya su ne kuɗin shiga na kowane mutum, na mota, na ɗaki, da na fita daji, wani lokaci da na babbar kamara. Ɗalibai da yara sukan samu ragi. Ɗakuna hawa-hawa ne, daga na ɗalibai masu gadaje da yawa zuwa manya. Kafin ka biya ka duba ɗakin, ka tambayi lokacin da ake ba da wuta. Ka riƙe tsabar kuɗi, taransifa ba ta da tabbas inda sabis ke rawa. Idan kun haɗa kai ku shida ko takwas, kuɗin shata da na motar daji sai ya zo da sauƙi. Kuma ka ware wani abu na alheri ga jagoranka.

Akwai tsaro?

Ba zan ɓoye ba, wasu ƙauyukan Alkaleri da ke kewaye da dajin sun sha hare-haren 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. Hali yana sauyawa daga wata zuwa wata. Ka tuntuɓi hukumar wurin da wani da ka yarda da shi a Bauchi a makon da za ka tafi, ba labarin bara ba. Ka yi tafiya da rana, ka isa ƙofa kafin la'asar, kada ka bi wata hanya ta daban don a ce ta fi kusa.

Me ya sa ake hana kiwo da farauta a ciki, alhali mutanen yankin na da buƙata?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na son a amsa ta da raini. Manomin da giwaye suka shiga gonarsa a dare ɗaya suka cinye dawar shekara ba zai kalle su yadda baƙo daga birni ke kallonsu ba. Makiyayin da rani ya ƙone masa ko'ina yana hangen ciyawa a bakin Gaji. Amma idan shanu suka shiga, suna cinye abincin namun dajin, suna kawo cuta, kuma inda zaki ya kashe saniya sau da yawa guba ke biyo baya. An ɗaura wa wasu giwayen na'ura a wuya don a san inda garke ya dosa a gargaɗi ƙauyuka, akwai kuma mutanen gari da aka ɗauka suna wannan aiki. Ma'aikatan sintiri suna kwana a daji da ƙafa, wasunsu sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. Abin da baƙo zai iya yi shi ne ya sa kuɗinsa ya taɓa mutanen wurin, ya yi sayayya a Mainamaji da Dindima, kuma kada ya sayi naman daji ko fata a hanya ko da an yi masa arha.

Na riga na je Yankari. Sai ina kuma?

Gashaka-Gumti, idan ƙafarka na da ƙarfi. Yana tsakanin Taraba da Adamawa, shi ne gandun daji mafi girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ofishinsa yana Serti a kan hanyar Mambila. Can ƙasar tsaunuka ce da kurmi da rafuka masu sanyi, akwai birai masu kama da mutum a kurminsa, kuma a can Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419. Hawansa tafiyar kwanaki ce da jagora da 'yan dako, ana kwana a tanti, kuma da rani ake yi. Mai son tsuntsaye ya nufi Dagona a jihar Yobe lokacin hunturu, sa'ad da masu ƙaura daga Turai ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. 'Yan'uwanmu na Gana suna da Mole kusa da Larabanga, inda ake bin giwaye da ƙafa tare da ma'aikaci. Kamuku da ke Birnin Gwari, da ɓangaren Borgu na Kainji, da gandun W na Nijar kuwa, matsalar tsaro ta sa ba wuraren yawon buɗe ido ba ne a yanzu.

Da dare me ake yi a sansanin?

Ba a fita daji, kuma kada ka yi nisa da ɗakuna. Ka ci abinci da wuri, ka ɗauko tabarma ko kujera ka zauna a ƙofar ɗaki. Idan an kashe janareta, ka ba idonka minti biyar ya saba, sannan ka ɗaga kai ka nemi Kaza da 'Ya'yanta da Zara. Daga wajen kwari za ka ji kwaɗi da gyare, wani lokaci kukan kura can nesa. Ka haska tocila ƙasa kafin ka taka saboda kunama, ka kuma saita agogo, don motar safe ba ta jiran wanda ya makara.